Wii Sports A Falon Yayana: Hannu Take Gani, Ko Mutum?

Wani dare a watan Janairu, cikin irin sanyin nan na Tamanrasset da ke gangarowa daga duwatsun Ahaggar ya shige ƙashi, muna zaune a falon yayana bayan sallar isha'i sai ga sallamar maƙwabcinmu. Mahauci ne, mutumin ƙasar Maradi, ya haura shekara sittin, duk unguwa Baba muke ce masa. Ya yi dambe a ƙuruciyarsa, ko bai faɗa ba ma hannunsa na dama zai faɗa maka, don gaɓoɓin yatsun sun kumbura sun daskare kamar saiwar gawo. Kuɗin nama ya zo karɓa, ya tarar yara sun kunna tsohuwar na'urar Wii ta gidan suna damben boksin a talabijin. Ya tsaya bakin ƙofa yana dariya. Yara suka yi masa ca, wai sai ya gwada.

Ya tuɓe babbar riga ya ajiye. Aka ba shi rimot a dama, aka ba shi ɗan ƙaramin abin riƙewar da ake jona masa, wanda ake kira Nunchuk, a hagu. Ya ware ƙafafu, ya rage tsawo, ya miƙa hagu gaba, ya janye dama can baya wajen ƙugu, tsayuwar ɗan dambe sak. Abokiyar karawarsa 'yar yayana ce, shekararta takwas, tana zaune a tabarma ta dunƙule cikin bargo. Ya ce mata, "Amarya, yau sai na kashe auren nan." Aka buga ƙararrawa. Baba ya auna, ya yi jinkiri yana neman kafa, sannan ya kawo wani naushi tun daga ƙugu, wanda da a fili ne da ya zubar da ƙato. A talabijin kuwa, mutum-mutuminsa ɗan zungurin banza ya kai. Ita yarinyar ba abin da take yi sai kaɗa wuyan hannu da sauri kamar mai korar ƙuda. Ba a gama turmi na biyu ba ta shimfiɗe shi, aka ƙirga masa goma.

Falo ya kaure da shewa. Baba ya jujjuya rimot ɗin a tafin hannunsa, ya dube ni, ya ce, "Ɗana, kai da ka yi boko, wai ita wannan abar hannu take gani, ko mutum?"

Amsar wasa na ba shi a daren. Amma tambayar ta bi ni har wurin aiki, don a ganina ba a taɓa yi wa wannan fasaha tambayar da ta fi ta dacewa ba.

Kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da Wii a Amurka ranar 19 ga Nuwamba 2006, ta shiga Japan da Turai cikin Disamba. A lokacin Sony da Microsoft suna tseren wanda zai fi kyan hoto da ƙarfin inji, ɗaya da PlayStation 3, ɗaya da Xbox 360. Satoru Iwata, shugaban Nintendo na wancan zamani, wanda ya rasu a 2015, ya ƙi shiga wannan tsere. Lissafinsa shi ne, waɗanda ba sa wasan bidiyo sun fi masu yi yawa nesa ba kusa ba, kuma babban abin da ke korarsu shi ne abin riƙewar nan mai tarin maɓallai da sanduna biyu, wanda sai ka yi makonni kafin yatsunka su saba. Sai aka ƙera abin riƙewa mai siffar rimot ɗin talabijin, abin da ko tsohuwa ta saba ɗauka, aka ce kaɗa shi kawai. Aka haɗa shi da faifan Wii Sports mai ɗauke da ƙananan wasanni biyar: tanis, besbol, bolin, golf da damben boksin. A Amurka da Turai faifan a cikin kwalin na'urar yake zuwa, a Japan kuwa sai ka saya daban. An sayar da Wii fiye da miliyan 101, shi kuma Wii Sports ya kusa miliyan 83, ko da yake dole a tuna da yawan waɗanda suka mallake shi ba su zaɓe shi ba, a kwali suka tarar da shi.

Ba su ne suka fara gwada abin ba. Tun 1989 kamfanin Mattel ya yi safar hannu mai suna Power Glove wadda ba ta je ko'ina ba, Sony ma ta yi kyamarar EyeToy a 2003. Wii ce dai ta fara shigar da shi gidajen mutane da gaske. Tamu ta gwanjo ce, yayana ya sayo ta a Aljiyas shekaru bayan an daina yayinta, ta yi tafiyar kusan kilomita 2,000 cikin jaka kafin ta iso nan. Rubutunta duk da Faransanci yake, kuma babu wanda wannan ya taɓa hana wasa a gidan.

Don a amsa wa Baba sai an buɗe cikin rimot ɗin. Akwai wani ɗan ƙanƙanin abu a ciki, bai kai farce ba, na kamfanin Analog Devices, wanda zan kira ma'aunin fizga. Aikinsa shi ne ya ji yadda aka fizgi rimot: gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa. In rimot yana tsaye cik, yana iya gane karkatarsa ta hanyar jan da ƙasa ke yi wa kowane abu. Iyakar saninsa ke nan. Bai san inda hannunka yake a ɗaki ba. Bai san ko naushin daga ƙugu ya taso ko daga wuyan hannu ba. Bai san kana tsaye ko kana kwance ba. Kuma awonsa yana da rufi: kimanin ninki uku na ƙarfin jan ƙasa, abin da ya wuce nan duk ɗaya ne a wurinsa. Ke nan 'yar fizga gajeriya mai kaifi ta yarinya 'yar shekara takwas tana iya cika masa mudu daidai da naushin ƙato, har ma ta fi fitowa a sarari, don naushin gaske yana farawa ne a hankali daga ƙafa, ya bi ta ƙugu da kafaɗa, kafin ya iso hannu.

A goshin rimot ɗin kuma akwai 'yar kyamara mai ganin irin hasken nan da idon mutum ba ya gani. Sandar da ake ɗorawa a kan talabijin, wadda mutane ke zaton ita ke kallonsu, ba ta ganin komai. Fitilu goma ne kawai a cikinta, biyar a kowane gefe, rimot ne ke kallonsu don ya san inda aka nuna shi. Lokacin da wani ƙaramin yaro ya tsinke wayar tamu sandar, kyandir biyu muka kunna a gaban talabijin, aiki ya ci gaba. Sai dai wannan kyamara zaɓen wasa take taimakawa a Wii Sports. Da zarar an shiga fili, ma'aunin fizga ne ke da magana.

Saboda haka amsar tambayar Baba ita ce: ko hannun ma ba ta gani. Girgizar hannu take ji, sauran kuwa cinta take yi.

Ina ƙarfin abin yake ke nan? A nan ne aikina ya taimake ni na gane. Mu ma'aikatan rediyo sana'armu ita ce mu ba mai sauraro kaɗan, ya cika sauran da kansa. In ina ba da labarin wasan ƙwallo, ba fili nake nuna wa kowa ba. Murya nake ɗagawa a daidai lokacin da ya kamata, in bar hayaniyar 'yan kallo ta shigo ta bayana, sai ka ga mutum a shagonsa ya miƙe ya kai wa iska shuri. Dabarar Wii Sports ke nan. Akwai 'yar lasifika a jikin rimot. Ka kaɗa hannu, sai ka ji ƙarar bugun ƙwallo daga cikin tafin hannunka, rimot ya ɗan yi rawa, 'yan kallon talabijin su yi ihu. Abubuwan nan uku suna zuwa a tare cikin ƙiftawar ido, ƙwaƙwalwarka ta haɗa su ta ce maka ai kai ka buga. A wajen sauti da daidaita lokaci, waɗanda suka tsara wasan nan gwanaye ne, ina cire musu hula.

To amma wasannin biyar ba daidai suke ba, kuma ma'aunina guda ne: nawa ne wasan ya ɓoye daga ainihin abin da yake kwaikwaya?

Tanis ya ɓoye da yawa. Duk wanda ya taɓa kallon tanis na gaske ya san rabin wasan a ƙafa yake, wato isa wurin ƙwallo kafin ta wuce. A Wii Sports mutum-mutuminka, wanda suke kira Mii, shi ke gudu da kansa, kai naka kawai ka kaɗa hannu a kan lokaci. In ka yi sauri ƙwallo ta tafi wannan gefe, in ka yi jinkiri ta tafi wancan. Wasan auna lokaci ne aka sanya masa rigar tanis. Yana da daɗi, ban musa ba, musamman in mutum huɗu suka tsaya a jere suna karo da juna, amma wanda ya gano sirrin zai iya cinye kowa yana kishingiɗe. Besbol ba zan ɓata masa tawada ba. Shekara da shekaru yana gidanmu har yau ba wanda ya san dokokinsa. Golf kuma yana son a taɓa a hankali, shi kuwa ma'aunin fizga a hankali ɗin ne ya fi ba shi wahala.

Bolin shi ne gwarzon faifan. Abin mamaki, shi ne wasan da ba wanda ya taɓa gani ido da ido a cikinmu: a gangara ƙwallo mai nauyi a kan dogon katako don ta zubar da turaku goma da aka jera. Ya yi kyau ne saboda kusan ba abin da ya ɓoye. A bolin na gaske ma ba ka da abokin gaba a gabanka, ba wanda zai taɓa ka, ba gudu. Lilo ɗaya ne na hannu, da lokacin saki, da 'yar murɗawar wuyan hannu da ke sa ƙwallo ta lanƙwasa. Duk ukun nan rimot yana iya jin su. Ka danne maɓallin da ke ƙarƙashi da ɗan ali, ka lila hannu, ka saki maɓallin kamar yadda za ka saki ƙwallo. Nauyi kaɗai aka rasa, don ƙwallon gaske tana iya kai kilo 7. Sakin yatsan nan a daidai lokacin da hannu ya zo gaba, a wurina shi ne abu mafi kyau da aka taɓa yi da wannan fasaha. Innarmu, wadda ko lambar waya sai an danna mata, jifa uku ta yi ta gane.

Dambe kuwa shi ya fi kowanne ɓoye abu, kuma don mu Hausawa muna da namu damben, mun fi kowa hurumin faɗin haka. Dubi abin da ake kira dambe a Kano ko Sakkwato ko Maradi. Hannu ɗaya ake naɗewa da tsumma da zare, shi ne mashi. Ɗayan a buɗe yake a gaba, shi ne garkuwa, da shi ake auna nisa, a ture, a tare. Turmi uku ake yi. Ba a tara maki. Kisa ake nema, kisa kuwa shi ne hannun mutum ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Ke nan wasan gaba ɗayansa a kan tsayuwa aka gina shi, yadda ka dasa ƙafarka da yadda za ka raba abokin karawarka da tasa. 'Yan dambe biyu suna iya daɗewa suna zagaya juna ba wanda ya kai hannu, kuma masu kallo ba sa gajiya, don sun san a cikin wannan jinkirin ake yin wasan. Ga kalangu yana tashi, ga kirari, ga mawaƙi yana zuga. Sunan Shago ai da bakin Ɗan Anace ya zagaya ƙasar Hausa. Ga ɓangaranci na Kudu da Arewa da Guramaɗa. Uwa uba ga tsoro, don wanda ya shiga fili ya san zai iya fita da haƙori a hannu.

Yanzu dubi na Wii. Mutum-mutumin ko damtse ba shi da shi, safar dambe biyu ce ke shawagi a gabansa. Ba ka matsawa gaba ko baya da ƙafarka. Kaucewa ita ce ka karkata hannuwan biyu gefe. Jinkiri asara ne, mai yawan kaɗawa shi ke ci. Duk abin da Baba ya kwashe ƙuruciyarsa yana koya, haƙuri da auna nisa da tattara nauyin jiki cikin bugu guda, a wannan fili ya zame masa kaya. Ko damben Turawan da wasan ke kwaikwaya ma da ƙafa ake cinsa. Duk wanda ya kalli faifan Muhammad Ali ya san haka. Ba ina cewa wasan yara ya zama sai an zubar da jini ba. Ƙorafina shi ne, wasan yana saka wa wanda ya yi abin da ya saɓa wa dambe, ya hukunta wanda ya yi na daidai. Wasan da ake dannawa da maɓalli bai taɓa yi maka alkawarin jikinka zai yi amfani ba, don haka ba ka da abin riƙe shi da shi. Wannan kuwa da alkawarin aka tallata shi.

Mutane kuma sun gaskata alkawarin da dukkan ƙarfinsu. Wata guda bai cika da fitowar na'urar ba labarai suka yi yawa na rimot da ya suɓuce daga hannu ya fasa talabijin, har a Disamba 2006 Nintendo ta yi tayin canza igiyoyin ɗaurawa a wuyan hannu guda miliyan 3.2 da masu kauri, a 2007 kuma ta fara raba rigar roba ta rimot. A watan Yuni na 2007 wani likita a Sifaniya, Julio Bonis, ya rubuta wa mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine labarin ciwon kafaɗar da ya samu bayan ya daɗe yana tanis ɗin Wii. Abin dariyar shi ne, duk wannan ƙarfi da ake zubawa na'urar ba ta buƙatarsa.

Kamfanonin sun san da giɓin, suka shiga cike shi. A 2009 Nintendo ta fito da Wii MotionPlus, wani ɗan ƙari da ake maƙalawa a gindin rimot, mai ɗauke da ma'aunin juyi, wato abin da ke jin yadda hannu ke murɗawa da saurin murɗawar. Da shi aka yi Wii Sports Resort mai wasanni 12. A nan an samu ci gaba na gaske: a wasan takobi, yadda ka riƙe rimot haka takobin ke tsayawa, a tanis na tebur kuma kana iya yanka ƙwallo ta juya. Sai dai ma'aunin juyi yakan ɓace wa kansa a hankali, shi ya sa wasan kan ce ka kifa rimot a kan shimfiɗaɗɗen wuri ya dawo hayyacinsa. A Satumba 2010 Sony ta kawo PlayStation Move, sanda mai ƙwallo mai haske a kai wadda kyamara ke bi, ita tana iya sanin inda hannu yake a ɗaki. A Nuwamba na shekarar Microsoft ta kawo Kinect, ta ce a jefar da rimot gaba ɗaya. Kinect tana watsa dubban ɗige-ɗigen haske marar ganuwa a ɗaki, kyamara ta karanta yadda suka lanƙwashe a jikin mutum, ta zana masa ƙwarangwal mai gaɓa 20. An sayar da miliyan 8 cikin kwana 60 na farko.

Wannan kam ta kusa ganin mutum. Amma wane mutum? Tana son fili tsakaninka da talabijin wajen mita biyu, fiye da haka in ku biyu ne. Hasken rana mai ƙarfi yana rikita ta. Tufafi masu faɗi suna ɓoye mata gaɓoɓi. Mai karatu ya ɗan tsaya ya kawo hoton mutanen garin nan a ransa: mu da manyan riguna, maƙwabtanmu Buzaye da rawani da riga har ƙasa, mata da zane da hijabi ko lafaya, ga rana da ke faɗowa tsakar gida ba shamaki. Jikin da injiniyoyin suka auna jiki ne mai wando da 'yar shat, a falo mai labule. Ban ce da gangan suka yi ba, kowa da irin mutanen da ya saba gani yake aiki. Microsoft ta daina ƙera Kinect a 2017. Ita fasahar ba ta mutu ba. Kamfanin PrimeSense na Isra'ila da ya samar da ita Apple ta saye shi a 2013, kuma irin ɗige-ɗigen nan ne ke gane fuska a wayoyin iPhone na yanzu.

Akwai kuma batun motsa jiki, wanda da shi aka shawo kan iyaye da yawa. Masu bincike a Jami'ar Liverpool John Moores ta Ingila sun auna matasa, suka buga sakamakon a mujallar BMJ a Disamba 2007: wasannin Wii sun fi wasan zaune cin ƙarfi, amma ba su kai ainihin wasannin da suke kwaikwaya ba. A 2016 mujallar Lancet Neurology ta buga wani gwaji da aka yi da masu fama da shanyewar ɓarin jiki, inda aka ba wasu Wii, aka ba wasu karta da wasu wasannin hannu na yau da kullum. Wii ba ta fi ba. Yaron da ya yi langa na minti goma a ƙofar gida, yana tsalle da ƙafa ɗaya ya riƙe ɗayar, ya fi wanda ya yi awa guda yana tanis daga kan kujera jiƙewa da gumi, wannan ba sai an kai shi jami'a ba.

Duk da wannan suka, ba zan yarda a fitar da na'urar daga gidanmu ba, kuma dalilin ba ya cikin rimot. A garin nan akwai ɗakunan gem inda samari ke biyan kuɗi su buga ƙwallon PlayStation, kamar yadda ake yi a Agadas ko Kano. Na sha zama a irinsu. Ban taɓa ganin yarinya a ciki ba, ban taɓa ganin dattijo ba. Kowa ya sunkuya, idonsa a kan gilashi, yatsu kaɗai ke motsi, wanda ke tsaye a baya ba ya gane me hannun mai wasa ke yi. Wii Sports ta juya wannan. Abin kallon ya tashi daga talabijin ya koma kan mai wasa. In Inna ta miƙe ta gyara ɗaurin zane za ta jefa bolin, ba mai kallon turakun, ita ake kallo. Wanda bai taɓa riƙe rimot ba yana koyo ne daga ganin na gabansa, kamar yadda ake koyon daka ko rawa. Matar yayana da ƙawayenta sun yi gasa ranar suna bayan baƙi maza sun watse. An ba da labarin gidajen tsofaffi a Amurka da suka kafa ƙungiyoyin bolin na Wii, kuma ban yi mamaki ba. Rashin kaifin ma'aunin, wanda na gama kuka da shi, shi ne ya daidaita yaro da babba, gwani da ɗan koyo. Da na'urar tana ganin mutum sosai, da Baba ya cinye kowa a turmin farko, da 'yar yayana ba ta sake ɗaukar rimot ba. Na san maganganun nan biyu suna cin karo da juna. Duka biyun gaskiya ne, kuma ban ga hanyar da zan sasanta su ba.

Shi ya sa na ji wani iri da Nintendo Switch Sports, wanda ya fito ranar 29 ga Afrilu 2022. Na gwada shi a gidan wani abokin aikina. Abubuwan riƙewar Switch, Joy-Con, suna da ma'aunin fizga da na juyi duka a ciki, don haka sun fi tsohon rimot fahimta. Ya zo da wasanni shida: ƙwallon raga, badminton, bolin, ƙwallon ƙafa, takobi da tanis, daga baya aka ƙara golf, sannan ƙwallon kwando a 2024. Har da maɗaurin cinya don bugun ƙwallon ƙafa, wanda shi ne karo na farko da na ga jerin wasannin nan sun tuna mutum yana da ƙafa. Dambe babu, kuma ban yi kewarsa ba. Abin da ya dame ni shi ne, nauyin wasan ya karkata zuwa intanet: sababbin tufafi da kayan ado na mutum-mutuminka sai ka shiga ta intanet kake samunsu, karawa da mutanen duniya kuma sai da kuɗin rajista. Ana iya yi a falo kamar da, amma a bayyane yake inda masu wasan suke so ka nufa. Mutumin da ke kaɗa hannu shi kaɗai a ɗaki yana karawa da wani baƙo a Osaka ya samu ma'auni mai kyau, ya rasa masu yi masa shewa.

Wani lokaci nakan yi tunanin yadda damben gargajiya zai kasance a irin wannan na'ura, tunda yanzu faifan bidiyonsa yana yawo a YouTube har Turawa na kallo. Ta wani ɓangaren ma ya fi boksin dacewa: hannu biyu masu aiki daban, ɗaya mashi ɗaya garkuwa, ga abin riƙewa biyu, ga ma'aunin juyi da zai iya gane buɗaɗɗen hannun da ke gaba. Kalangu da kirari kuwa ai sun fi ihun 'yan kallon roba. Za a iya tsara shi yadda mai haƙuri zai ci, mai yawan kaɗa hannu ya buɗe kansa. Inda abin zai tsaya shi ne kisa, don ba rimot ɗin da zai tura ka baya har gwiwarka ta nemi ƙasa. Kokawa kam, wadda a Nijar ake gasar takobi a kanta tun 1975, ba ma a fara ba: nauyin wani ne a jikinka, shi kuwa ba a saka shi cikin abin da batir biyu ke ɗauka.

Baba ya ci gaba da leƙowa. Bolin yake yi, a tsaye, har da taku uku kafin ya saki, ko da yake yara sun gaya masa sau goma takun ba ya ƙara komai. Makon jiya ne ya ce a kira masa amaryarsa, yana son ramuwa. Wannan karon bai tuɓe riga ba. Ya zauna a tabarma kusa da ita, ya jingina da bango, ya manne gwiwoyin hannu a haƙarƙari, ya shiga kaɗa wuyan hannu da sauri yadda ya ga tana yi. A turmi na uku ya kwantar da ita. Yara suka yi ta tsalle suna yi masa kirari. Shi bai yi dariya ba. Ya cire igiyar daga wuyan hannunsa, ya miƙa mata rimot, ya ce da yayana, "Alhaji, sauran kuɗin naman Juma'a fa?"